Ƙishi a Bakin Dam

Da asuba lambuna kore shar,
fangali goma sha ɗaya a gefen dam ɗin Ajiwa.
Kafin azahar tumatir ya sunkuyar da kai
kamar wanda mai bin bashi ya tare a kasuwa.
Na tada inji, na ƙara ruwa.
Da dare ya ɗan miƙe, da rana ya koma.
Kwana huɗu, bai sake miƙewa ba.
Da korensa ya mutu, ko ɗigon rawaya babu.

Sallau maƙwabcina ya ce baki ne.
Mai shagon magani ya ce tsutsa,
ya raba ni da kuɗin buhun taki
kan kwalba biyu masu warin kananzir.

Ran Juma'a Turai ta zo hutu,
ɗiyata ta uku, mai karatun tsirrai a birni.
Ba ta yi gardama da kowa ba. Ta ari rezata,
ta yanke kara guda dab da ƙasa,
ta tsoma bakinsa a tambulan na ruwa.
"Baba, kada ka girgiza. Zuba ido kawai."

Na zuba. Shiru.
Can sai ga farin zare yana zurarowa daga yankan,
siriri, kamar hayaƙin da ya ɓata hanya ya nufi ƙasa.

"Su ke nan, bakteriya.
A zaren nan kaɗai sun fi mutanen Katsina yawa.
Ta ƙujewar saiwa suka shiga,
ranar dashe, ko inda fartanya ta shafa.

Tsiro ba wawa ba ne, Baba.
Kowace ƙwayar halittarsa da masu gadi a jikin bango;
suna shinshino baƙo, su yi kururuwa,
a datse ƙofa, a watsa guba.
Amma wannan baƙon da allurarsa yake tafe,
wadda ido bai taɓa gani ba.
Ya huda bango, ya ɗura furotin iri-iri:
wani ya ɗaure bakin mai gadi,
wani ya tare ɗan aike a zaure ya yaga saƙon,
wani ya wuce har ɗakin da ake ajiye umarni
ya sauya abin da za a karanta.
Gida na cin wuta, babu wanda ya ji ihu.

Ga su da haƙuri.
Kowace na sakin ɗan sinadari, kamar ƙamshi,
da shi suke ƙidaya kansu cikin duhu.
In ya yi kauri, sun san sun taru,
sai su shiga kaɗa yauƙi da ya fi na kuɓewa,
su cika jijiyar da ke hawa da ruwa sama."

Na tuna tiyona da laka ta toshe bara,
inji na ta kuka, fangali a bushe.
Na ce, "Wato ƙafarsa cikin ruwa, ƙishi ya kashe shi?"
Ta gyaɗa kai.
"Kuma ruwan da ka ƙara, shi ya raka su fangali na gaba."
Wannan a hankali ta faɗe shi, tana kallon takalminta.

Mun tumɓuke bakwai kafin la'asar,
muka tara nesa da magudana, muka cinna wuta.
Ta sa na wanke fartanya kamar kwanon baƙo.
Ta ce masara zan sa a nan, shekara biyu ko uku,
su nemi abinci su rasa.
Na yi lissafin kwandunan da ba za su je Legas ba,
na haɗiye.

Sallau ya leƙo ta kan shinge,
bai ƙara zancen baki ba,
ya ce ko ana ba da aron tambulan.

Na ɗauko shi, ruwan ya yi fari kamar tsarki.
Hannu ya saba, na karkata zan juye a magudana.
Turai ta cafke wuyan hannuna.
Yatsun da na taɓa koya wa riƙon dashe,
ashe sun yi ƙarfi haka.